Ma'aunin Gishiri a Haƙori da Jini

Matanin laccar da aka gabatar a unguwar Shehuri, Maiduguri, ga ɗaliban ilmin harhaɗa magunguna masu bitar karatu gabanin jarrabawa

 

An nemi in yi muku muraja'ar babi biyu daga cikin karatunku, wato babin kayan kula da haƙori da babin daidaiton gishirorin jiki, waɗanda galibin ɗalibai kan haddace kowanne a keɓe, su zuba shi a takardar jarrabawa, su fito su manta. Abin da nake so ku tashi da shi daga wannan majalisi shi ne, babin nan biyu ilmi ɗaya ne, domin haƙorin da ke bakinku gishiri ne da ya daskare, jinin da ke gudana a jijiyoyinku kuwa gishiri ne da ya narke, kuma lafiyar kowannensu ta rataya ne a kan gwargwado, ta yadda abin da ke magani idan an auna shi daidai, shi ne ke zama dafi idan aka wuce haddi. Mutanen wannan ƙasa ta Barno ba baƙin wannan magana ba ne, tun da yake itacen nan na araki da ake yanko aswaki daga gare shi, shi ne kuma mazauna gaɓar tafkin Chadi suka daɗe suna ƙonawa, su tace tokarsa, su dafa ruwan har ya ƙafe ya bar musu gishirin miya.

Fasali na Farko: Abin da Ke Cin Haƙori

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne mafi tauri a duk jikin mutum, kuma kusan dukkansa ma'adini ne da ya haɗu daga kalsiyam da fosfet, wanda littattafanku ke kira haidiroksi'afatait. Duk da taurinsa yana da abokin gaba guda, wato tsami. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, musamman wadda ake kira Streptococcus mutans, suna cin ragowar sukarin da ya maƙale, su mai da shi tsami, kuma da zarar ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5, sai kalsiyam da fosfet su soma zagwanyewa daga jikin haƙori suna bin yawu. Idan aka sarara, yawu da kansa yakan gyara ɓarnar, saboda yana ɗauke da bayikabonet mai kashe kaifin tsami, yana kuma ɗauke da kalsiyam da fosfet da yake mayar wa haƙori. Saboda haka yawaita kai sukari baki shi ne babbar illa, fiye da yawan abin da aka sha a zama ɗaya. Mutumin da yake kurɓar shayi mai kauri tun hantsi har la'asar, ko yaron da alewa ba ta barin kumatunsa, ba ya ba yawu sararin yin aikinsa, a hankali sai rami ya buɗe, mutane su ce tsutsa ce ta ci haƙori.

A nan ne fulorayid ya shigo. Wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a garin Colorado Springs na ƙasar Amurka a 1901, ya tarar haƙoran mutanen garin sun yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa, amma kuma ba su cika yin rami ba. Sai a 1931 aka gano cewa fulorayid ɗin da ke cikin ruwan shansu ne sanadi, daga nan binciken Trendley Dean ya nuna cewa wajen miligiram 1 a lita yana rage ramin haƙori ba tare da ya ɓata launinsa ƙwarai ba, har birnin Grand Rapids ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945. Hikimar ita ce, idan fulorayid ya shiga ginin ɓawon haƙori, yakan mai da shi wani ma'adini da ba ya soma narkewa sai tsami ya kai wajen pH 4.5, yana kuma gaggauta komawar kalsiyam gurbinsa.

To amma ku dubi ɗaya fuskar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haddin fulorayid a ruwan sha a kan miligiram 1.5 a lita. A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ruwan rijiyar burtsatse da jama'a suka sha a shekarun 1980 da 1990 ya ninka wannan haddi, aka wayi gari yara masu yawan gaske haƙoransu sun rine, ƙasusuwan ƙafafunsu sun lanƙwashe. A ƙasar Langtang ta jihar Filato ma an san rinannun haƙora ta wannan dalili. Wanda ya fahimci labarin Tibiri ba zai ƙara ganin lambobin da ke jikin kwalin man goge baki a matsayin ado ba.

Fasali na Biyu: Abin da Ke Cikin Man Goge Baki

Ku ɗauki bututun makilin ɗin da ke kantinku, ku juya bayansa, ku karanta ƙananan rubutun nan da ba wanda ke kulawa da su. Za ku tarar da abin gurza dauɗa, wanda ko dai alli ne, wato kalsiyam kabonet, ko kuwa silika. Da abin kumfa, galibi sodiyam loril salfet. Da gilisarin ko sobitol masu hana man bushewa a zafin garin nan. Sa'an nan ɗanɗano da ƙamshi. Ruhin abin kuwa shi ne fulorayid, wanda ake so ya kasance tsakanin kashi 1000 zuwa 1500 cikin miliyan. Idan kun ga an rubuta sodiyam fulorayid kashi 0.32 cikin ɗari, ku yi lissafi da kanku: nauyin fulorin 19 ne cikin 42, idan kun buga sai ku sami kashi 0.145 cikin ɗari, wato 1450 cikin miliyan. Ga kuma mas'alar da masu jarrabawa ke so: don me ba a cika haɗa sodiyam fulorayid da alli a bututu ɗaya ba? Jawabi shi ne, kalsiyam ɗin alli yakan kama fulorayid ya ɗaure shi tun yana kan kanta, ya zama gishirin da ba ya narkewa, shi ya sa man da aka yi da alli ake sa masa sodiyam monofulorofosfet, wanda kashi 0.76 cikin ɗari nasa ke ba da 1000 cikin miliyan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da man goge baki mai fulorayid cikin jerin muhimman magunguna, don haka ku ɗauke shi da darajar magani, ku faɗi ma'auninsa: kamar ƙwayar shinkafa ga yaron da bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar wake ga ɗan shekara 3 zuwa 6, sau biyu a yini, ɗaya lokacin kwanciya, a tofar, kada a haɗiye, kada kuma a bi shi da kurkurar ruwa mai yawa.

Wanda haƙorinsa ke tsami ko zogi idan ya sha ruwan sanyi, man da ke da fotasiyam naitiret kashi 5 cikin ɗari yakan kwantar da jijiyar haƙorin bayan 'yan makonni. Mai kumburin dasashi ana ba shi ruwan kurkura na kuloheksidin, kashi 0.12 zuwa 0.2 cikin ɗari, na ɗan lokaci kaɗan, tare da gargaɗin cewa yana rina haƙori, kuma abin kumfar makilin yana karya ƙarfinsa, don haka a bar tazarar aƙalla rabin sa'a tsakaninsu. Man kanumfari da iyayenmu ke ɗigawa a ramin haƙori yana kashe zafi da gaske, shi ne ma ake kwaɓawa da zinki oksayid a yi cikon wucin gadi, amma ba ya warkar da rami. Mai rami wurin likitan haƙori za ku tura shi.

Game da aswaki kuwa, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun lissafa shi cikin mustahabban alwala, kuma ilmin zamani bai zo da abin da ya rushe wannan ba, domin zaruruwansa suna kankare dauɗa, ɗacinsa yana tsinko yawu, cikinsa kuma akwai sinadaran da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗo. Haka reshen dogon yaro da ya cika titunan Maiduguri. Abin da suka gaza a kai shi ne fulorayid mai isa, saboda haka kada ku sa dattijo ya zaɓi tsakanin sunna da buroshi. Ku ce masa, Baba, a riƙe aswaki a kowace alwala, a ƙara da makilin safe da dare. Gawayi da toka da gishiri tsagwaronsa su ne za ku hana, saboda suna cinye ɓawon da ba ya sake tsirowa.

Fasali na Uku: Ruwan Jiki da Gishirorinsa

Namiji baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa wajen lita 42, wato kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa. Kashi biyu cikin uku na ruwan nan yana cikin ƙwayoyin halitta, sulusin da ya rage yana wajensu, kuma daga cikinsa wajen lita 3 kacal ne ruwan jini. Sodiyam shi ne sarkin ruwan waje, ma'auninsa a jini milimol 135 zuwa 145 a lita, kuma duk inda ya nufa ruwa na biye da shi. Fotasiyam mazauninsa cikin ƙwayar halitta ne, abin da ke jini ɗan kaɗan ne, 3.5 zuwa 5.0, amma bugun zuciya a kansa ya dogara, ko ya yi ƙasa ko ya yi sama zuciya na iya rikicewa ta tsaya. Abin da ke raba su biyun wani famfo ne a bangon kowace ƙwayar halitta, mai fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2, wanda Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957. Bayikabonet yana tsare pH na jini tsakanin 7.35 da 7.45. Kalsiyam kuwa kashi 99 cikin ɗari nasa yana cikin ƙashi da haƙori, ɗan ragowar da ke jini, milimol 2.2 zuwa 2.6, shi ke sa tsoka ta motsa, jini ya daskare a bakin rauni. Ƙoda ita ce alƙalin wannan mizani, da taimakon sinadarin aldostiron mai riƙe sodiyam ya saki fotasiyam, da wani sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikowa a rage fitsari idan ƙishirwa ta yi tsanani, kamar yadda mai azumi ke gani a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40.

Fasali na Huɗu: Amai da Gudawa

Babu wanda ke zaune a nan da ke bukatar a ba shi labarin daren 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Shehuri da Gwange da Kasuwar Monday har fadar Mai Martaba Shehun Barno, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Da ruwan ya janye ya bar rijiyoyi gauraye da masai, ba a jima ba, a farkon Oktoba, gwamnatin jiha ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Ƙwayar kwalara ba ta shiga jini. Dafinta ne ke sa hanji ya yi ta kwararar da kulorayid, sodiyam da ruwa su bi shi, har babban mutum ya iya zubar da kusan lita guda a sa'a ɗaya. Bayikabonet ya tafi, jini ya yi tsami, numfashi ya yi zurfi. Fotasiyam ya tafi, ƙafafu su ɗaure, jiki ya saki. Rashin ruwa da gishiri ne ke kisa, kuma mayar da su ne magani.

Tun a 1832 wani likita a Sukotlan, Thomas Latta, ya ɗura wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya. Bayan shekara 50 Sydney Ringer a Landan ya lura cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa sai ruwan da aka tsoma ta yana da kalsiyam da fotasiyam, a 1932 kuma Alexis Hartmann ya ƙara laktet, aka sami ruwan ƙarin da har yau shi ne zaɓi ga mai kwalarar da ya galabaita. Amma ƙarin ruwa yana bukatar allura da gado da ma'aikaci, abubuwan da ba sa isa a ranar annoba. Mafita ta zo daga binciken Robert Crane na 1960, wanda ya bayyana cewa a bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyam sai tare da sukarin gulukos, kamar mai gadin zaure da ba ya barin baƙo ya wuce sai da ɗan rakiya, kuma dafin kwalara bai taɓa wannan ƙofa ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan ƙari ya ƙare wa Dokta Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, sai ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari a kofi, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. A ƙasarmu, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya yi tsayin daka har wannan ilmi ya shiga gidaje.

Ƙunshin garin gishiri da sukari da kuke sayarwa yau, bisa tsarin 2002, yana da gishirin sodiyam kulorayid giram 2.6, gulukos 13.5, fotasiyam kulorayid 1.5, da tiraisodiyam sitiret 2.9, jimla giram 20.5 na lita ɗaya. Kada ku haddace sakamakon, ku fitar da shi. Raba 2.6 da nauyin 58.5, ka sami milimol 44 na sodiyam. Sitiret milimol 10 ne, kowanne ɗauke da sodiyam 3, ga 30. Jimla ta kama 75 in an cike. Kulorayid 44 da 20 na fotasiyam, wajen 65. Tara 75 na sodiyam, 65 na kulorayid, 75 na gulukos, 20 na fotasiyam, 10 na sitiret, ka sami 245, ƙasa da kaurin ruwan jini da ke wajen 290, shi ya sa ruwan ke tsallakawa daga hanji zuwa jini.

Yanzu ku sawwara wata uwa ta shigo kemis da magariba, goye da yaro ɗan wata 10, ta sauko da shi, idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, leɓɓansa sun bushe, yana kuka ba hawaye, in ka ɗan tsunkuli fatar cikinsa sai ta jima ba ta koma ba. Ta ce haƙori yake fitarwa, a ba ta maganin tsai da zawo. Idan ka miƙa mata ƙunshin lita ɗaya ba bayani, ta je ta juye shi cikin ledar ruwa guda mai rabin lita, to sodiyam ya zama 150, kauri ya zama 490, abin da ka bayar don ya mayar da ruwa sai ya janyo ruwa daga jikin yaron zuwa hanji, gishiri ya hau masa ka, har ya kai ga jijjiga. Wajibinka ne ka duba ko ƙunshin na lita ne ko na ƙasa da haka, ka ce mata, Hajiya, leda biyu za ki juye a kwano mai tsabta, ki zuba garin duka, ki riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba, kada ki fasa ba shi nono, abin da ya kai yini da kwana ki zubar ki haɗa sabo. Ka haɗa mata da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. In babu ƙunshi, shafaffen cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ya wadatar kafin a samu. In kuwa yaron ya kasa sha, ko barci ya rinjaye shi, ko yana da tamowa mai tsanani wadda ke da nata haɗin daban mai ƙarancin sodiyam, to asibiti za ta nufa a daren, kai ne kuma za ka gaya mata haka ba tare da kwana-kwana ba.

Fasali na Biyar: Inda Babin Biyu Suka Haɗu a Kan Kanta

Maganin hawan jini da kumburi irin furosemayid yana zubar da fotasiyam, kuma ƙarancin fotasiyam yana mai da digoksin dafi ga zuciya. Sifironolakton da lisinofiril kuwa riƙe shi suke yi, don haka haɗa su da ƙarin fotasiyam ganganci ne, kamar yadda tura allurar fotasiyam kulorayid kai tsaye a jijiya ba tare da an sirka ta ba kisa ne. Tetirasaikilin yana kama kalsiyam, shi ya sa madara ke hana shi aiki, shi ya sa kuma yake rina haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba, rinin da ba ya fita. Irin wannan kamun dai, wato kalsiyam ya kama fulorayid, shi ne dalilin da ya sa ake ba da madara ga yaron da ya shanye bututun makilin kafin a kai shi asibiti. Duk maganin da ke busar da baki yana rage yawu, wanda ya rasa yawu kuwa ya rasa mai tsaron haƙorinsa.

Sai kanwa, wadda ungurnu daga tafkin Chadi ke cikin mafi shahararta. Galibinta sodiyam kabonet da bayikabonet ne. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi rubutu a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Idan mai jego ta zo muku da kumburin ƙafa da haki, ku tambaye ta abin da take sha, cikin ladabi, ba tare da kun aibata al'adar uwarta ba.

Ya ku 'ya'yana, ga nasihata game da bita. Kowace lamba da kuka haddace, ku tambayi kanku abu uku: daga ina ta fito, me zai faru in ta ragu, me zai faru in ta ƙaru. Sa'an nan ku gwada faɗinta da Hausa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa, yadda kakarku za ta gane ta aikata, domin mai jarrabawa zai yafe muku kuskuren rabin maki, amma jikin jariri ba ya yafe kuskuren rabin lita. Ma'auni amana ce da za a tambaye ku a kanta, a gaban hukumar sana'arku da kuma gaban Ubangijinku.

Allah ya ba ku nasara a jarrabawarku, ya sa ilminku ya amfani al'umma, ya jiƙan waɗanda muka rasa a ambaliya da annoba, ya ƙara wa Mai Martaba Shehu lafiya, ya zaunar da ƙasar Barno lafiya.